Garwar Magani a Bakin Tafki

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma har in bar duniya ba zan manta da safiyar da na tarar da kifin lambunmu na Gumel ya juya ciki sama ba. Na daɗe da ajiye aiki, amma duk sanda na tuna sai in ji zuciyata ta tafasa kamar jiya aka yi. Ku da kuka shigo aikin gona daga baya kuna ganin ina tayar da jijiyar wuya a kan gwangwanin magani, kuna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, ga dalilin.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, ba a daɗe da fita daga babban farin nan ba, lokacin Gumel tana ƙarƙashin Jihar Kano. Ni mataimakin malamin gona ne, wato ni ke tsaye a kan lambu da leburorinsa. A samana akwai babban malamin gona na yanki, Malam Ɗanladi, wanda ko ƙusa ba ta fita daga sito sai da izininsa. A lambun muna renon dashen darbejiya da mangwaro da gwaiba, a tsakiya kuma akwai ɗan tafki da muka haƙa muka shafe da siminti, domin ƙasarmu yashi ce, ba ta riƙe ruwa. A ciki muka zuba kifin karfasa da na je har Haɗeja na ɗauko a bayan mota, ina tafe ina tsayawa ina canja musu ruwa. Ba don ci muka ajiye su ba. Iri ne, in sun hayayyafa a raba wa ƙauyuka masu kududdufi.

Wanda ya fara yarda da maganar shi ne Arɗo Bello, wani dattijon Bafulatani daga wajen Ɗanzomo. Fari ya cinye masa garke, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ranar da na ce masa ana kiwon kifi kamar yadda ake kiwon kaji, dariya ya yi har rawaninsa ya karkace. Amma ya koma gida ya kira gayya, suka zurfafa kududdufin bayan rugarsu, suka yi ta jigilar yumɓu a kan jakuna suna daɓe ƙasan. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta lambu, ya tsuguna a bakin tafki ya ce, "Malam, yaya garkena?" Na yi masa alkawari cewa da zarar an fara girbin gero ya zo da tuluna ya ɗebi nasa.

Ana nan gero ya fara fitar da kai, sai fara ta sauka. Aka turo mana masu feshi da injunan goyo da garewanin magani cike da mota, aka ce a feshe gonakin da ke kewaye da gari, har da lambunmu. Ga wanda bai sani ba, maganin da ke kashe fara ya fi saurin kashe kifi, ɗan abin da ba zai dami akuya ba ya isa ya share tafki guda. Don haka na tashi tsaye. Muka gitta itatuwa a kan tafkin, muka shimfiɗa zana, muka rufe da jiƙaƙƙun buhuna. Na je na sami shugaban masu feshin na roƙe shi ya jira iska ta juya baya ga lambu, ya bar tazara mai faɗi a kewayen ruwa, kuma kada yaransa su wanke inji ko hannu a kusa da rijiya. Mutumin kirki ne, ya bi duk abin da na ce. Bayan feshin muka kwashe buhunan muka ƙone, na leƙa na ga kifi na wasansu. Na ce alhamdu lillahi, an tsallake.

Ashe da sauran aiki. Ƙa'ida ita ce, duk garwar da magani ya ƙare a cikinta a huda ta, a murƙushe, a binne nesa da ruwa. Na sa an tara su a gefen sito, na ɗauko diga. Kafin in ɗaga hannu sai ga Malam Ɗanladi.

Ya ce, "Kai Malam Sule, me za ka yi haka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, huda su zan yi, kamar yadda aka koya mana."

Ya ce, "Sababbin garewani fil? A garin da mata ke faɗa a kan tsohuwar garwa a bakin rijiya? Wannan ai almubazzaranci ne. Bar su nan, ni na san yadda zan yi da su."

Na ce, "Yallaɓai, maganin nan mai maiƙo ne, yana shiga ɗinkin garwa. Wanki ba ya fitar da shi."

Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Ni za ka koya wa magani? Kana goye na fara wannan aiki." Ya sa aka kwashe su aka kulle a sito, ya jefa makulli a aljihu. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne, ya san gaskiya na faɗa. Makaranta ɗaya muka yi, shi ya riga ni, darasin da aka koya mini shi aka koya masa. Amma garwa a lokacin abin kyauta ce, abin da babba ke ba na ƙasa a yi masa godiya har da durƙuso, shi kuwa mutum ne mai son a gode masa.

Washegari aka tura ni Maigatari in raka masu feshi, na yi kwanaki a can. Na bar tafkin a hannun Baba Audu, tsohon da ke ɗebo ruwa daga rijiya yana ƙara wa tafki kullum. Garewaninsa sun tsufa, sun sha liƙi da ƙaro har sun gaji, kafin ya kai bakin tafki rabin ruwan ya tsiyaye a ƙafafunsa. Na sha roƙon a ba shi sababbi daga sito, kullum amsar ɗaya ce, babu.

Na dawo da safe, ranar kasuwa. Tun daga ƙofar lambu na ga mutane sun yi cincirindo. Na kutsa. Saman ruwan ya yi fari fat da cikin kifi, manya da ƙanana, iyaye da 'ya'ya, wasu na ta juyi a gefe suna buɗe baki. Baba Audu na tsugune ya dafe kai. A gabansa ga garewani biyu suna ƙyalli, da sauran jan fentin gargaɗi a jikinsu.

Na ce, "Baba, wa ya ba ka waɗannan?"

Ya ce, "Yallaɓai ne, Allah ya saka masa. Ya ga nawa na yoyo ya tausaya mini. Wallahi Malam na wanke su. Na sa toka, na sa yashi, na sa sabulu, na shanya a rana, na sake wankewa. Ko kare ne ya sa baki a ciki, wankin da na yi ya isa a yi alwala da ruwan."

Ban iya yi masa faɗa ba. Iyakar abin da ya sani ya yi, ya tsarkake su kamar yadda ake tsarkake kowane mazubi, ya sunsuna bai ji wari ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa guba ba najasa ba ce, ba ta jin toka.

Kafin in ankara mutane sun fara miƙa hannu suna tsamo kifi, wata mata har ta cika kwano. Idona ya rufe. Na fizgi shebur na tsaya a bakin tafkin na ce duk wanda ya fita da kifi ko ɗaya sai dai ya bi ta kaina. Na sha zagi ranar nan. Aka ce rowa ce, aka ce so nake in kai gida in soya. Na ƙwace kwanon matar na juye a ƙasa, ta yi mini Allah ya isa a gaban jama'a. Na sa leburori suka haƙa rami a can ƙarshen lambu, muka fara kwashewa da kwando.

Muna cikin haka sai ga Malam Ɗanladi a kan babur. Ya dubi tafkin, ya dubi garewanin. Na zaci zai ce wani abu na mutunci. Sai ya juya kan tsohon nan ya daka masa tsawa, "Kai Audu, wane irin wanki ka yi musu? Sakarcinka ya jawo mana asara. Daga yau ka bar aiki."

Nan na manta da girma. Na ce, "Yallaɓai, ba inda Baba Audu zai je. Wa ya hana ni huda garewanin nan? Wa ya kulle su? Wa ya ɗauko da hannunsa ya ba shi? In za a kori wani a kan kifin nan, ba wannan tsoho ba ne."

Ya ce, "Ka san da wa kake magana?"

Na ce, "Na sani sarai. Ina sauran garewanin?"

Wani lebura ya ce ƙasa-ƙasa an raba wa mutane, biyu ma an kai gidan Yallaɓai. Na dubi Malam Ɗanladi na ce, "To ka je ka duba abin da 'ya'yanka ke shan ruwa a ciki." Ya hau babur ya fita a guje. Baba Audu bai bar aiki ba, amma Malam Ɗanladi bai taɓa ba shi haƙuri ba, ni kuma ya ɗaure mini fuska har aka canja masa wurin aiki.

Duk wannan da sauƙi. Rana ta ɗaga, muna kan binnewa, sai na ji sallama a bayana. Arɗo Bello ne da jakuna, kowane ɗauke da tuluna an toshe bakinsu da ganye. Ya ɗebo ruwan kududdufinsa tun asuba, kamar yadda na koya masa, don kifin su saba da ruwan gidansu tun a hanya. Ya zo da fara'arsa ya ce, "Malam, an fara girbi. Na zo kora garkena."

Na nuna masa ramin kawai. Ya matsa ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Na yi masa bayani, na ce zan sake zuwa Haɗeja, sai dai tafkin sai an kwashe ruwansa an kankare siminti, ya yi mini haƙuri zuwa baɗi.

Ya ce, "Baɗi." Ya gyaɗa kai. "Malam, na ga shanu sun mutu don babu ruwa, wannan na san daga Allah ne. Yau kuma ga ruwa har wuya." Bai ƙarasa ba. Ya sauke tulunan ɗaya bayan ɗaya, ya juye ruwan a gindin dashen mangwaro don kada ya tafi a banza, ya ɗaure su wayam, ya ce, "Allah ya ba mu alheri," ya kora jakunansa.

Da yammar nan na ɗauki diga na bi gida-gida ina karɓo garewani. Wasu suka ba ni da daɗin rai, wasu sai da aka yi cacar baki, wata tsohuwa har da kuka. Na huda su duka na binne.

Na cika alkawari, da wata damina na sake renon kifi na ɗauka da kaina na nufi Ɗanzomo. Na tarar ruga ta tashi. Aka ce Arɗo ya haƙura da zaman, ya kora 'yan shanun da suka rage ya yi kudu tun rani. Kududdufin da suka sha wahalar daɓewa yashi ya cinye rabinsa. Na tsaya a wurin da kifi a hannu ba wanda zan ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ba ranar feshi ce kaɗai abin tsoro ba, ranar kowa a ankare yake. Abin tsoro shi ne bayan an tafi, sanda mazubi ya koma fanko, ya yi kyau a ido. Mutanenmu ba za su iya jefar da abin da ke riƙe ruwa ba, kuma ban ga laifinsu ba, na san abin da ruwa yake a ƙasar nan. Laifin na wanda ya sani ne ya miƙa musu don a ce masa an gode. Tun daga ranar ban ƙara neman izinin kowa a kan garwar magani ba. Tana ƙarewa nake huda ta, tun tana bakin mota, ko wa ke tsaye a wurin. Shi ya sa har na ajiye aiki leburori na kirana Malam Sule Mai Diga, kuma ban taɓa hana su ba.