Sunan da Inna Zulai Ba Ta Faɗa

Ta bangon da ya raba ɗakina da shagon Hayatu na ji rigimar.

"Inna, Dikko ba suna ba ne!"

"To shi muka kira nai shekara ashirin, yana amsawa."

"Ke yake amsa ma. Na'ura ba ta san shi ba."

Na ajiye abin da nake yi na zagaya. Hayatu mai cike wa mutane fom ne a bayan tashar Gummi, da kwamfuta ɗaya da fanka mai kuka. An san shi da taurin kai: muddin akwatin da ke allo bai koma kore ba, ba ya danna tura, ko mutum zai yi birgima. Na daɗe ina son sanin dalili, don wasu masu shago ba su da wannan haƙurin.

Tsohuwar da ke kan benci Inna Zulai ce, Bafulatana daga wajen Nasarawa Burkullu. Ɗanta na neman makarantar koyon jinya, ranar kuma za a rufe karɓar fom. Shi yana daji da shanu inda waya ba ta shiga, sai ya aiko ta da lambar katin ɗan ƙasa a jikin kwali. Hayatu ya sa lambar, ya rubuta Dikko, akwatin ya yi ja. Fom ɗin yana gwada suna da wanda ke cikin rumbun bayanai, dole su zo ɗaya.

Matsalar, yaron ɗan fari ne. Inna Zulai ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba.

"Ki raɗa min a kunne."

"Kunnenka ba kunne ba ne? Kai dai tura hakanan."

Hayatu ya juya mata allon. "Inna, kada ki ce komi. Ni ka faɗi."

Ya fara. Hammadu, ja. Muntari, ja. Tana kallon titi kamar ba da ita ake ba. Hudu, Salim, Labaran. Masu jiran layi suka shiga jefo nasu, har wani ya ce Makau, ta harare shi.

Hayatu ya ce, "Abdussamad."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafin ya gama bugawa muka sani. Akwatin ya koma kore, ya danna tura, shagon ya ɗauki shewa.

Da ta tafi na tsare shi yana girgiza tabarma a bakin ƙofa. Na ce, wannan wahala haka saboda baƙuwa?

Bai dube ni ba. "Takardar sakandarena Dikko aka rubuta. Ni ma ɗan fari ne. Innata ta kai ni makaranta, malami ya tambaye ta suna, ta ce Dikko. Wurin aiki uku aka mai da ni, wai ba ni ba ne." Ya rataye tabarmar. "Da wani ya tsaya ya duba, da ba nan kake iske ni ba."