Ɗoyin Famfon Gidan Mahauta

Ana gab da samun mulkin kai aka kawo ni aure Ƙofar Atiku daga Kwalkwalawa, gidan mahauta. A shekarar aka ja musu famfo, abin da ko a mafarki ban taɓa gani ba. A gindin bututun akwai wani dunƙulen tagulla mai rage ƙarfin ruwa. Yayan mijina, wanda shi ne babba a gidan, ya hana kowa taɓa shi sai shi kaɗai. Mutum ne mai baƙin rai da son a ce ya iya, kuma tun ranar farko jinina bai haɗu da nasa ba.

Da zafi ya shigo, ruwan ya fara ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kowa ya sani, ruwan da warinsa ya sauya ba a alwala da shi, don haka gida ya rikice. Aikina shi ne wanke tumbi da hanji a kusa da famfon, shi ke nan Yaya ya sami wadda zai ɗora wa laifi.

Ya tsaya a tsakar gida ya nuna ni da baki. "Wagga ɗiyar ƙauye ta. Ƙazantatta ta ash shiga cikin ruwa. Kak ki koma taɓa shi."

Na ce, "Yaya, ƙaƙa tumbi ka shiga cikin ƙarhe?"

Ya ce ba ni da kunya. Mijina ya sunkuyar da kai. Aka mayar da ni ɗebo ruwan rijiya, matan unguwa suka sa mini suna Mai Ɗoyi. In na miƙa fura a gidan suna, sai a karɓa a ajiye gefe. Wannan ya ƙona mini rai fiye da ɗaukar tulu.

Na daina taɓa famfo, ɗoyi kuwa sai abin da ya ƙaru. Wata ranar Juma'a da hantsi tagullar ta fara feshin ruwa, Yaya yana mahauta, dole mijina ya kwance ta a gaban kowa. Ya zaro wani baƙin abu mai yauƙi, har da ragowar gashi a jiki. Ɗanyar fatar bijimi ce. Ashe tun da abin ya fara yoyo gwanin namu ya yanko ta, ya shafe da kitse, ya cusa a madadin robar da ke cikin tagullar.

Da ya dawo aka nuna masa, ya jujjuya ta ya ce, "Hwatar ta ba ta da kyau." Ya wuce ɗakinsa. Ko kallona bai yi ba, sunan kuma ya bi ni har na yi jikoki.

Ranar da Yaya ya rasu, aka shigo wajen mata ana roƙon duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Idanu suka dawo kaina. Na ce na yafe, saboda ana kallona. Allah dai ya san abin da ke cikin raina.