Hawainiyar Sajo da Man Kifi

Duk wanda ya zauna a Sule Tankarkar bayan farin shekarar 1973 ya san Sajo, Bafulatanin nan siriri mai saurin tafiya. Da can, in garkensa ya doshi rijiya, sai masu guga su ja gefe. Fari ya zo ya share shanunsa arba'in ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe, Wule, a kan cinyarsa ta cika. Ranar ya yi rantsuwa cewa babu dabbar da za ta sake mutuwa a hannunsa.

To, ka san mai kiwo, hannunsa ba ya zama haka nan. Damina ta farko bayan farin, yana yi wa wani noman gero, sai ya tsinci hawainiya a gindin sabara, ta rame kamar tsinke. Wani zai yi a'uziyya ya wuce. Sajo kuwa ɗauka ya yi, ya kai gida, har ya sa mata suna Wule.

"Malam, ka rufa mana asiri," in ji matarsa A'i. "Mutane za su ce tsafi ka koma yi."

Don haka ya ɓoye ta cikin kwando a ƙuryar bukka, inda ko hasken rana ba ya kaiwa, yana kama mata ƙudaje. Wata biyu tana ci. A na uku idanunta suka kumbura suka rufe. In ta harba harshe, sai ya faɗi a rabin hanya. Hankalin Sajo ya tashi ƙwarai, don ya san wannan kwanciyar, ya gan ta sau arba'in.

Me makiyayi ya sani in dabba ta yi laushi? Kanwa! Ya daka kanwa da gishiri ya ajiye mata a sakaina, ya tsuguna yana jira ta lasa, har da 'yar fito irin wadda ake yi wa shanu a bakin kwami. Kwana uku hawainiya ko juyowa ba ta yi ba. A'i ta yi dariya har da hawaye, sannan ta dubi fuskarsa ta daina.

Washegari ya sa Wule a ƙwarya, ya rufe da faifai, ya kama hanyar Gumel da ƙafa. A ɗakin shan magani ya bi layin mata masu goyo, kowa na zaton nono ya kawo talla. Da layi ya zo kansa, ya buɗe faifai a gaban ma'aikaciyar, Malama Rahamatu. Ta yi tsalle ta koma bayan tebur.

"Baba! Nan fa na mutane ne!"

"Na sani, 'yata. Dubi idon kawai. Ita kaɗai ta rage mini."

Ta matso a hankali, ta leƙa. "Ni ban karanci hawainiya ba. Amma yaro in ya rasa bitamin, ido ne ke fara nunawa, shi ne dundumi. Man kifi muke ba su. A ina take kwana?"

"A ƙuryar ɗaka."

"Haba Baba! Ko jariri muna cewa a fito da shi hantsi." Ta zuba masa ɗan man a kwalbar allura. "Kaɗan fa, kan tsinke, sau ɗaya a mako. In ya yi yawa shi ma cuta ne. Yadda za ka ba ta kuwa, wannan ya rage naka."

Nan gizo ke saƙar, don Wule ba ta lasa, ba ta sha a cokali. Sajo yana tafe yana juya maganar, har ya wuce rabin hanya. Sai ya tsaya cak. Ɗan maraƙi yana lasar kanwa ne? Ina! Uwar ake ba, shi ya samu a nono. Ya buga sanda a ƙasa ya yi kabbara, har wani mai jaki ya waiwayo. Sauran tafiyar kusan da gudu ya yi ta.

Ya kamo fara ya zuba a tulu, ya kiwata su kwana biyu da ganyen zogale da kabewa, ya barbaɗa musu garin ɓawon ƙwai. Wadda za a ci, ya ɗiga mata mai a baya. Ta farko da ta biyu, da yatsa ya tura wa Wule a baki.

Saura rana. A'i da kanta ta ɗauko kwandon ta rataye a reshen aduwa a ƙofar gida. "Su faɗi abin da za su faɗa," in ji ta.

Suka kuwa faɗa. Amma tsegumi bai hana su zuwa kallo ba. A mako na uku, da hantsi, mutum ya fi goma a gindin aduwar, idon Wule na dama ya buɗe, ya juya baya, ya juya gaba. Sajo ya ɗora fara a kan sandarsa ta kiwo, ya miƙa daga nesa. Wule ta yi lilo, ta yi lilo. Fat! Babu fara.

Wurin ya kaure da ihu. Wani tsoho da ya fi kowa zargin tsafi shi ke cewa, "A sake! A sake mata wata!" A'i ta rangaɗa guɗa. Sajo kuwa ya tsuguna, ya rufe fuska da rawani yana kuka, kukan da bai yi wa shanu arba'in ba.

Da kaka ya mayar da ita gindin sabarar da ya tsince ta, ta hau reshe da ƙafarta. A makon nan ya je wurin ƙaninsa, wanda ya shekara yana roƙonsa ya karɓi karsana biyu kiwo yana ƙi. Ya kwance igiyarsu da kansa, ya koro su gida.