Haruffa Masu Rusunawa

Tun gashinsa na baƙi Mai Buroshi yake rubuta allunan shaguna, kuma salon rubutu ɗaya ya riƙe kamar shi ya haife shi: mai karkata dama, siririn wuya, kaurin ƙugu, kowane harafi da 'yar wutsiya a ƙafa. Cewa yake yi harafin da ya tsaya ƙiƙam ba shi da tarbiyya, nasa kuwa rusunawa suke yi su gaida mai wucewa.

A faɗi gaskiya, inda abin ya dace yana da kyau. Shagon turare, ɗakin gyaran gashi, wurin tela: kalma biyu ko uku manya-manya, sai ka ji kana son shiga ko ba ka da abin saye. Amma mutumin bai san inda ake tsayawa ba. Da mai facin taya ya nemi miƙaƙƙen rubutu wanda direba zai hango daga nesa, korarsa ya yi, wai ya je wajen masu fentin katanga.

Ana nan sai bangon shagonsa ya zama matsayar masu fitsari. Zarni ya hana kowa sakat. Mai ginin ya zo yana toshe hanci, ya ce, "Malam, ko ka hana su, ko ka kwashe gwangwanayenka ka ba ni shagona."

Mai Buroshi ya zage, ya rubuta "An hana fitsari a nan" da karkatattun haruffansa, ruwan gwal a kan shuɗi. Kai, bango bai taɓa yin kyau haka ba! Mutane suka riƙa tsayawa kallo, wanda ya tsaya kuwa sai ya ga ai ya riga ya tsaya. Wani har leƙowa ya yi yana gyara wando, ya ce, "Baba, Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Matarsa ta zo ta gani, ta riƙe haɓa. "Maigida, wannan ai roƙo ne. Wa ka taɓa gani ya ji tsoron mai rusuna masa? Daka musu tsawa mana!"

Ransa ya yi baƙi ƙirin, amma shagon ne abincinsa. Ya shafe gwal ɗin, ya dangwali jan fenti, ya jera haruffa ƙatti-ƙatti a tsaye, babu wutsiya ko ɗaya. Don kunya ko sa hannu bai yi a ƙasa ba.

Bango ya bushe, shago ya tsira. Sai ga mai gareji, sai ga mai kanti, duk mai bango ya taho. "Baba, irin naka muke so, mummunan nan."

Yanzu idan ka tambayi Mai Buroshi a layin, kallonka za a yi. Ce Baba Hana Fitsari, nan take za a nuna maka ƙofa. Yana amsa sunan, ba yadda zai yi, har ya ɗan rusuna, ya karkata dama.