Tsiron da Ya Daina Ƙara

Kowa a gidanmu ya ɗauka Gwaggo ɗanɗana tsiron wakenta take yi. Ni da muke ɗaki ɗaya na lura ba ta kai shi baki. Sili ɗaya take ɗauka ta karya kusa da kunnenta. In ya ce ƙas, sai ta rufe bokitin. In ya lanƙwashe shiru, ranar ba mai jin muryarta.

Ƙanwar babana ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, sana'arta ke nan. Takan jiƙa ƙananan wake, ta zuba a bokitai masu huji, ta lulluɓe da baƙin zane a bayan ƙofa, ta yini tana ba su ruwa kamar mai rainon jariri. A unguwa ba mai cin tsiro. Mai sayenta ɗaya ne, kukun wani gidan abinci a bakin titi, shi ma manajansa ya daɗe yana matsa masa ya koma sayen na kamfani.

Ranar da tsiron ya isa ɗiba, kukun ya kira ya ce an rufe kicin ana gyaran famfo, sai wani satin. Tsiro kuwa ba ya jira, yana kwana biyu zai fara yauƙi.

Gwaggo ta ɗora tukunya. Ta tsoma tsiron a tafasasshen ruwa, ta tsame, ta jefa a ruwan sanyi, ta baza a kan zanen gado ya tsane. Har la'asar tana tsaye, yatsunta sun yi fari sun tattare. Ta ƙulla leda-leda tana matse iskar, muka kai shagon mai ƙanƙara, don firizarmu ta daɗe da mutuwa.

Mai ƙanƙara ya ɗaga leda ɗaya yana dubawa. "Hajiya, wannan kuma fa? Waken da ya tsira ai ya tashi daga aiki."

"Kai dai ajiye mini. Kada ya narke, roƙona ke nan."

"A nan? Ko fushin matata na sa a ciki sai ya daskare."

Da sati ya zagayo muka je ɗauka. Kowace leda ta zama curi guda, ruwa ya taru a gindinta ya sake daskarewa. Gwaggo ta jujjuya ɗaya a hannu.

"Ɗan nan, ka fitar da shi."

Mai ƙanƙara ya sosa ƙeya. "Wuni ɗaya ne fa. Lemo aka kawo mini, wuri ya yi kaɗan. Na ce abin da ya riga ya lalace me kuma zai same shi? Da yamma na mayar."

Ta tattara ledojinta. "Allah ya ba ka ciniki," ta ce.

Duk da haka ta kai. A ƙofar bayan kicin kukun ya sakar wa leda ɗaya ruwa, ya zaro sili ya lanƙwasa. Ko ƙis.

"Gwaggo, kin san ni ƙarar nake saye."

"Na sani. Na kawo ne kada ka ce ban zo ba."

Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya waiga ciki ya rage murya. "Na tare miki wajen manaja sau da yawa. Yau ba ni da bakin magana, na kamfanin zan karɓa. In kin sami mai kyau ki leƙo, amma ban yi alkawari ba."

A hanyar dawowa sai sauya hannu take yi saboda sanyin ledojin. Da muka isa gida ta cire takalmi, ta yi salla, ta ɗan kishingiɗa. Can ta tashi ta jawo faranti, ta zauna tana tsince tsakuwa daga cikin waken da za ta jiƙa.