Wata Tsohuwa a Garinmu

Turawa ba su daɗe da kama ƙasar Katsina ba aka haife ni a Kurfi. 'Yar malami ce ni, amma ban taɓa riƙe allo ba. Yanzu ma faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwa ta bar jinjiri namiji, aka ɗora mini shi a baya ina yarinya. Sa'o'ina suna zaure suna karatu, ni ina bayan zana ina jijjiga shi. Da kunne na tsinci abin da na tsinta, har nakan ji an yi kuskure in gyara a zuci. Mutane suka riƙa ce masa ɗan farina, ni ma haka na ɗauke shi, shi ya sa bakina bai taɓa kama sunansa ba. Yaron nan nake cewa, shi kuma ya ce Yaya.

Da ya tasa sai ya gudu ya shiga soja, Malam ya yi fushi har ya gaji ya haƙura. A bariki aka koya masa boko da Turanci, ya yi ta samun igiya har ya kai inda baƙar fata ke tsayawa a lokacin. Ni kuwa an yi mini aure an kai ni Wurma, ina daddawa ina sayarwa. Da ya tuɓe kaki sai aka ba shi aikin majigi, wato hotunan nan masu motsi da ake haskawa a jikin farin ƙyalle. Ba su magana, shi ke tsayawa gefe yana yi wa jama'a bayani. Ya zo gaishe ni wata rana, yake gaya mini majigi ba wasa ba ne, mulki ne. Ya ce Bature zai nuna maka hanyar da aka share, amma ba zai nuna maka mutanen da aka ɗebo dole suka share ta ba. Na ce masa ai na sha faɗa masa tun yana ƙarami, in an miƙo maka tuwo ka fara duba hannun da ya tuƙa kafin ka dubi miya. Ya yi dariya ya ce wannan ya sa ta a aljihu. Na bi takalmansa da kallo yana tafiya. Kan da ke wuyansa bai fi nawa ba, baya kawai na ba shi ya hau.

Ba a jima ba aka kawo majigi Dutsin-Ma ran kasuwa. Matan aure ba su zuwa, maigidana ne ya je. Ya dawo yana ba ni labari, wai yaron nan ya tsaya gaban taro, ana nuna wata sabuwar hanya, ya ce wata tsohuwa a garinsu takan ce a duba hannun da ya tuƙa. Jama'a suka gane, wuri ya ɗauki guna-guni, Baturen da ke tare da su yana ta murmushi bai san da shi ake ba. Kafin wata ya mutu maganar ta zagaya garuruwan Kutawa da Barkiya, ana ce mata maganar Saje, don da muƙaminsa na soja ake kiran sa. Har bakin rijiya wata mata ta tsayar da ni tana koya mini ita. Ban iya barci ba. Ya sha goyona, ya samu karatun da ban samu ba, yanzu ya ɗauki maganata ya yi suna da ita, ni kuma na zama wata tsohuwa, alhali ko furfura ɗaya babu a kaina.

Da ya zo Wurma da tsaraba, na aika a ce masa tsohuwa ta kwanta. Ya zauna gindin darbejiya har la'asar ya tafi. Ya sake dawowa, na ce tsohuwa ba ta gani. Maigidana ya yi mini faɗa, na ce tsohuwa ba ta ji. Akwai ranar da ya matso jikin zana yana tambayar Yayarsa laifin da ya yi. Ina riƙe da muciya ina jin sa, amma in amsa sai na faɗi cewa yabo nake wa kishi, wannan kuwa ba zan iya ba. Daga baya aka mayar da shi Zariya, ya zurfafa karatu, ya zama malamin da ake zuwa daga nesa a ji bayaninsa kan mulki da majigi. Duk salla goronsa na isowa, ni kuwa in rabar wa maƙwabta.

Shi ya riga ni. Muna zaman makoki a Kurfi sai ga waɗansu mutane da manyan riguna, ɗalibansa ne, suna tambayar ina tsohuwar malaminsu. Aka ce musu ai ta rasu ranar da ta haife shi. Suka ce a'a, mai daddawa ta Wurma suke nufi. Suka durƙusa gabana. Babbansu ya ce malamin nasu bai taɓa buɗe darasi ba sai ya ce tsohuwata takan ce kaza, suka yi ta jero mini maganganun da ni kaina na manta. Na tambaye shi da kyau, wata tsohuwa yake cewa ko tsohuwata. Ya ce tsohuwata, kuma ɗan Dutsin-Ma ne shi, haka ya ji daga bakinsa tun ranar majigin nan. Uwa yake kira na a gaban duniya. Maigidana da ya san uwarmu ta rasu, kunnensa ne ya gyara maganar a hanya.

Ni da ban taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, na yi fushi don bai kira nawa a dandali ba. Kuma da babu kishi a raina, da tambaya ɗaya ta raba gardama ta saman zana. 'Yan'uwana mata, musamman ku da kuka yi goyo aka wuce ku, maganar da ta dawo daga kasuwa kada ku haɗiye ta sai kun tambayi mai ita, tun yana gindin darbejiya. Yau na tsufa da gaske, yaro da babba tsohuwa suke ce mini. Mai cewa tsohuwata ne babu.