Turken gabas na gonar Sajan Ishaya

Har yau ban manta da safiyar da Sajan Ishaya ya fara shigowa ofishinmu na awon filaye a Zuru ba. Lokacin shekarata ta shida ke nan a aikin safiyo. Tsohon soja ne, bai daɗe da yin ritaya ba. Matarsa, Mama Rifkatu, tana biye da shi a hankali, tana dafa bango.

Ya ce sun sami gida mai ɗaki uku da rijiya da gona a bayansa, a wani ƙauye gefen hanyar Ribah. Tafiyar minti ashirin ce a babur. Na tambaye shi me ya sa bai nemi gida cikin gari ba.

"Ɗana," in ji shi, "tun da na auri matar nan, daga wannan bariki sai wancan. Na yi mata alkawarin gida mai gona. Amma tana da ciwon zuciya, duk Talata sai ta ga likita a nan Zuru, shi ya sa ba za mu yi nisa ba."

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ga yadda ake yi. Mukan je mu auna filin a gaban mai sayarwa da maƙwabta. A kowace kusurwa mu kafa turken siminti, sannan mu zana taswira. Sai dagaci da maƙwabtan sun sa hannu a kanta kafin a rubuta takardar ciniki. Magada ne ke sayar da wannan gida, sun kuma ce ba za su ba da makulli ba sai an gama duk wannan.

Ranar awo Mama Rifkatu ta matsa sai an tafi da ita. Ba ta iya zagaya gonar ba, sai aka shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro. Daga nan take ta tsara abinta: nan za ta sa kuɓewa, can yakuwa, akurkin kaji kuma bayan rijiya. Ta ce mini, "Umaru, ban taɓa shuka abu na zauna har na ci ba. Da ya fara tsiro sai a ce an yi mana canji."

Mun kafa turaku uku lafiya lau. A na gabas muka tsaya. Maƙwabcin wajen, wani dattijo Malam Bawa, ya ce itacen ɗorawar da ke kan iyaka na mahaifinsa ne, magada kuma suka ce nasu ne. Duk faɗan bai wuce taku biyar ba. Dagaci ya ce zai zauna da su, in dawo mako mai zuwa in kafa turken.

Ban koma ba. A makon nan ne maigidanmu ya samo babban aikin yanka filaye a Danko, ya ce in tafi da na'urar awo. Na ce masa, "Alhaji, saura turke ɗaya a aikin Sajan." Ya ce, "Turke ɗaya ba zai gudu ba." Ban ja da shi ba, kuma ba zan ɗora masa laifin duka ba. Duk Asabar ina gida. Aikin rabin yini ne, da na so da na yi shi.

Kowace Talata, in sun fito daga asibiti, sai Sajan ya biyo ofis. Sau biyu ya same ni. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Yakan tsaya ƙyam a bakin ƙofa ya ce, "Ina labarin takardarmu?" In ce, "Baba, mako mai zuwa in Allah ya so." Ya ce, "To, madalla," ya juya. Na san ɗaki ɗaya suke haya a bayan kasuwa, na san damina tana wucewa. Amma mutumin da ba ya matsa maka, shi kake fara mantawa. Haka aka ci mako bakwai.

Wata Alhamis da hantsi ya shigo shi kaɗai. Na miƙe ina shirin ba shi haƙuri, sai ya riga ni.

"Mamanka ta rasu jiya da yamma."

Sai na yi ta salati.

Ya ce, "Magada sun ba ni makulli da safen nan, ba su jira takarda ba. A gonar zan binne ta, ta gefen gabas, nan ne ƙasar ba dutse. Amma ba na so in sa ta a gonar wani. Ka zo ka nuna mini iyakata."

Na ɗauki na'ura muka hau babur. Mun tarar mutanen cocinsu sun taru da diga da shebur suna jira. Malam Bawa na nan shi ma. Kafin in buɗe baki ya kama hannun Sajan ya ce, "Ɗorawar taku ce. Ai tun makon farko na gaya wa dagaci na bar ta." Ashe maganar ta daɗe da mutuwa, ni kaɗai ake jira.

Ban cika awa ɗaya ba na gama. Na kafa turken. Sajan ya auna taku huɗu daga jikin turken zuwa ciki, ya ce wa masu haƙa, "Nan."

Bayan jana'iza na kai masa taswira har gida. Na ce, "Baba, laifina ne. Ka yafe mini." Ya karɓi taswirar. Sannan ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, ba kai ka ɗauke ta ba. Amma da ta kwana a gidan nan ko sau ɗaya, da na cika alkawari." Ya sa hannu, ya rako ni har bakin hanya.

Yana nan a gidan har yanzu, shi kaɗai, yana noma dawarsa.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, za a koya muku na'ura da zane, kuma za ku iya. Abin da ba a koya mini ba shi ne, mai kawo fayil ba ya gaya maka sauran lokacin da yake da shi, sau da yawa shi ma bai sani ba. Tun daga ranar, duk Litinin nakan fito da fayilolin da ke hannuna, in ware na mutanen da ba su taɓa ɗaga mini murya ba. Da su nake farawa.